Likita a cikin salula: jawabi ga ƴan kasuwa da ma'aikata



Tsakanin Jiratawa da birnin Maraɗi ba wata tafiya ba ce, amma manomin fadamar Jiratawa ya san ba da kilomita ake auna hanyar asibiti ba. Da wuni ake auna ta. Zai bar ban-ruwa, ya biya kabu-kabu, ya zauna layi tun hantsi, wataƙila a ce masa likita ya shiga tiyata, ya komo gobe. Mai shago a babbar kasuwa kuwa, in ya rufe ƙofa, cinikin ranar ya tafi ke nan.

Shi ya sa majinyata da yawa suka koma ga salula. Mai hawan jini ko ciwon sukari, wanda likita ya riga ya san shi, yakan ɗauki hoton takardar awonsa ya aika ta WhatsApp, a faɗa masa ya ci gaba da maganin ko a sake masa wani. Akwai kuma kunya, wadda ba a cika ambata ba: matar da ke kulle, ko magidancin da ciwonsa ba na faɗi a gaban maƙwabta ba ne, sun fi sakin baki in ba ido da ido.

Abin ba sabo ba ne. Tun 2001 asibitin jami'ar Janeba ya kafa tsarin RAFT da likitocin Mali, daga baya ya haɗo Nijar, don likitan karkara ya nemi shawarar ƙwararre. Annobar korona ta 2020 ta kai shi hannun talaka, sai rufe iyaka a 2023 ya datse hanyar masu zuwa Katsina da Kano neman magani.

To, amma salula ba ta taɓa goshin yaro. A damina, lokacin da masassarar cizon sauro ke kwantar da ƙananan yara daga Tibiri har Madarunfa, gwajin jini kaɗai ke raba gardama, kuma tun 2006 doka ta ce kyauta ake duba ɗan ƙasa da shekara 5. Uwar da aka rubuta wa magani ta waya, ta saye shi wurin mai talla a bakin tasha, wa za ta tuhuma in ɗanta ya sanƙare cikin dare? Wa ya tabbatar mata cewa mai muryar nan likita ne? Ma'aikatar lafiya da ƙungiyar likitoci ke da alhakin amsa, kuma wajibi ne su fito da sunayen waɗanda aka yarje wa duba majinyaci daga nesa, a liƙa su a ƙofar kowane gidan likita, har da na Jiratawa.