Sansanin Koyon Kwamfuta na Yara a Lokacin Dogon Hutu



An nemi in yi magana a kan sansanonin da ake tara yara a cikinsu lokacin dogon hutu don a koya musu rubuta umarnin kwamfuta. To, al'adar daga Amurka ta taso. Can dama sun saba tura 'ya'yansu sansani tsakanin Yuni da Agusta, su koyi iyo da zaman daji. A 1977 wani malamin jami'a, Michael Zabinski, ya buɗe sansanin kwamfuta a jihar Connecticut, kuma ana lissafa shi cikin na farko-farko. Kamfanin Atari ya bi sahu a 1982, amma bai wuce 1984 ba, gama kasuwar wasanninsa ta faɗi a 1983, sansanonin suka bi ta.

Abin da nake so mu tsaya a kansa shi ne: me yaro yake komawa gida da shi bayan sati biyu ko uku?

A 1967 Seymour Papert da abokan aikinsa Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙirƙiro wa yara wani harshen kwamfuta mai suna Logo. A cikinsa akwai ɗan kunkuru wanda ba ya motsi sai da umarni, kuma duk inda ya bi sai ya bar zane. Yaro ya ce masa ya yi gaba taku ɗari, ya juya dama digiri 90, ya maimaita sau huɗu, sai ga murabba'i ya fito. Daga nan malami ya ce a zana alwatika mai gefe daidai. Yaron da ya haddace a aji cewa kowace kusurwa digiri 60 ce zai rubuta 60, kunkuru kuwa ya kama wata hanya dabam, zane ya ƙi haɗuwa. Ba wanda zai zage shi, ba bulala. Sai ya miƙe tsaye, ya taka zanen da ƙafarsa, ya gane da kansa cewa juyin da ake bukata 120 ne. A ganina wannan ɗan lokaci na neman inda kuskure ya ɓuya shi ne cinikin duka. Scratch, wanda jami'ar MIT ta fitar a 2007, jikan Logo ne, sai dai a nan yaro yana harhaɗa umarni kamar tubala.

Saboda haka ina jan kunnenku, musamman ma'aikatan da ke cikinmu masu ƙananan 'ya'ya. Sansanin da zai karɓi kuɗinku ya zaunar da yaro yana kwafe abin da malami ya rubuta a allo, ranar ƙarshe a miƙa masa takardar shaida mai ado, hadda ce aka canja wa riga. Ku tambayi yaron abin da ya gina, da abin da ya ƙi yi masa aiki, da yadda ya gyara.

Saura batun tsada, wanda tun zamanin Atari ya sa abin ya fi zama na 'ya'yan masu hali. A 2011 aka fara CoderDojo a birnin Cork na ƙasar Ayalan, kyauta, 'yan sa kai ke koyarwa. A New Zealand kuma Tim Bell da abokansa sun tsara darussan da ba sa bukatar na'ura ko lantarki: da katuna biyar masu ɗigo 1, 2, 4, 8 da 16 yaro zai ƙirga har 31 yadda kwamfuta take ƙirga.

Mu a nan dogon hutunmu cikin damina yake faɗawa, yaran karkara suna gona da safe. Wanda zai shirya musu irin wannan sai ya sa shi bayan la'asar, ya nemi aron aji a firamaren garinsu, ya fara da katunan nan kafin a samu na'ura. Ɗaliban lissafi da na kimiyyar kwamfuta da ke zauren nan duk za su tafi gida hutun nan, kuma kwali da alƙalami ba su fi ƙarfin aljihun ɗalibi ba.