Naƙudar Ƙarya da Naƙudar Gaskiya: Abin da Ya Kamata Maigida Ya Sani



Mun san akwai masu cewa a ransu, me ya haɗa samari da 'yanmata da zancen naƙuda, alhali ga iyaye mata da ungozomomi waɗanda aikinsu ke nan? Amsarmu ita ce, yawancinmu nan da 'yan shekaru za mu zama magidanta, wasu ma har sun zama. Kuma a irin zamanmu na Hausawa, wadda take jin ciwon ba ita ke yanke shawarar tafiya asibiti ba. Izini da kuɗin mota a hannun maigida suke. Saboda haka in maigida bai san bambancin naƙudar ƙarya da ta gaskiya ba, sanin da mata suka yi bai cika amfani ba.

Bari mu ɗauki Kantin Kwari don misali, tun da da wuya a rasa mai ɗan'uwa ko maƙwabci a can. Wannan kasuwa ta Fagge ita ce cibiyar cinikin atamfa da shadda da yadi, har daga Nijar da Chadi da Kamaru fatake ke zuwa sari. Ɗan kasuwa kan bar gida da hantsi, ba ya komawa sai bayan magariba. Yana tsakiyar ciniki sai waya ta shigo daga gida, daga Fagge ko Sabon Gari ko wata unguwa mai nisa, a ce masa uwargida tana jin ciwon mara. To, a nan zai yi ɗayan biyu: ko ya rufe shago ya ratsa cunkoson titin Ibrahim Taiwo, ko ya ce a bari ya taso. Mutumin da ke shafa atamfa sau ɗaya ya gane ta asali ce ko jabu, ga shi an tambaye shi abin da ya fi dukan hajarsa tsada, kuma ba shi da ma'aunin da zai gwada.

Mece ce naƙudar ƙarya?

Mahaifa tsoka ce, kuma tun ciki bai tsufa ba takan ɗaure ta saki, kamar mai gwada ƙarfinsa kafin ranar aiki. Wani likitan Ingila, John Braxton Hicks, shi ya bayyana wannan a 1872, shi ya sa har yau likitoci ke kiran abin da sunansa. In ciki ya shiga watannin ƙarshe sai ɗaurewar ta ƙara fitowa fili: mace ta ji cikinta ya yi tauri, ya ɗan jima, sa'an nan ya saki. Gajiya da ƙishirwa da yawan tsayuwa da riƙe fitsari duk suna tayar da ita. Don haka mai tsohon ciki da ta wuni tana zaga layukan kasuwa a zafin watan Afrilu tana zaɓen atamfar fitar suna, ko wadda ta wuni tsaye a shagonta a Sabon Gari, ba abin mamaki ba ne ta dawo gida tana jin kamar haihuwa ta zo. Amma wannan ɗaurewa ba ta buɗe bakin mahaifa, kuma nan ne asalin bambancin yake. Naƙudar gaskiya aikinta ke nan, ta yi ta buɗe shi sannu a hankali har ya kai santimita 10, jariri ya sami hanya.

Yadda ake rarrabewa

Bakin mahaifa dai sai ma'aikaciyar asibiti ke iya auna shi. Amma akwai alamu huɗu da kowa zai iya lura da su a gida, ko ya tambaya ta waya.

Na farko, tsari. Naƙudar ƙarya ba ta da lokaci: ta zo yanzu, ta sake zuwa bayan minti 10, sa'an nan ta ɓace har rabin awa. Ta gaskiya kuwa tana bin agogo, kuma tazarar tana raguwa, daga minti 20 zuwa 15, zuwa 10, zuwa 5. Ana ƙirga tazarar ne daga farkon ciwo zuwa farkon na gaba.

Na biyu, ƙarfi. Ta ƙarya tana nan yadda take, ko ma ta yi ta raguwa. Ta gaskiya kowane zuwa ya fi na baya tsanani da daɗewa, daga kamar daƙiƙa 30 har ta kai minti ɗaya ko fiye, har mace ta kasa magana in ta taso.

Na uku, wuri. Ta ƙarya an fi jin ta a gaba, a ciki ko a mara. Ta gaskiya sau da yawa daga baya take farawa, ta zagayo ƙugu zuwa mara.

Na huɗu, gwaji. A ba ta ruwa kofi biyu ta sha, ta yi fitsari, ta kwanta a gefen hagu. In kuwa da ma a kwance take, ta tashi ta ɗan zaga tsakar gida. In ciwon ya lafa cikin awa guda, to ta ƙarya ce. Ta gaskiya ba ruwanta da kwanciya ko tafiya.

Ban da waɗannan, akan ga majina mai yauƙi da ɗan jirwayen jini ta fito, alamar bakin mahaifa ya fara motsi, ko da yake haihuwar na iya ƙara kwana ɗaya ko fiye. Ga mai cikin fari, ma'aunin da aka saba bayarwa shi ne: in ciwo yana zuwa duk minti 5, yana ɗaukar minti ɗaya, aka yi awa guda a haka, to a kama hanya. Wadda ta saba haihuwa kada ta jira haka, domin tata takan zo da sauri. Haka kuma wanda gidansa ke nesa, ko ya san hanyarsa da cunkoso, ya tashi da wuri.

Inda ba a tsayawa gwaji

Jama'a, nan ne muke roƙon a ƙara kasa kunne. Akwai halin da ba a duba agogo, ba a jiran a tashi kasuwa. In faya ta fashe, ko da babu ciwo, musamman in ruwan ya fito kore ko ruwan ƙasa. In jini yana zuba sosai. In motsin jariri ya ragu ko ya tsaya. In ciki ya ɗaure tamau da azaba bai saki ba. In akwai matsanancin ciwon kai, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannuwa, domin waɗannan kan zo gabanin jijjiga. In akwai zazzaɓi. Haka nan in ciwo mai tsari ya fara alhali ciki bai cika mako 37 ba, kada a ce ai lokaci bai yi ba. Wataƙila bakwaini ne ke tafe, kuma akwai abin da likita zai yi don huhun jaririn in an je da wuri. Sa'an nan wadda aka taɓa yi wa tiyata a haihuwar baya, da mai tagwaye, da wadda aka ce jaririnta bai juyo da kai ba, da yarinya ƙarama mai cikin fari, da wadda ta haihu biyar ko fiye, duk waɗannan da ciwo ya fara sai asibiti.

Kuskure iri biyu

Wanda ya ɗauki ƙarya a matsayin gaskiya, in asibiti ya nufa, asararsa kuɗin adaidaita sahu da cinikin yini ɗaya. Amma in a gida aka zauna, sai a sa mace durƙuso da nishi tun ƙofa ba ta buɗe ba, ta galabaita a banza. In an ga shiru sai a kawo jiƙe-jiƙe, ko a kira mai kemis ya yi allurar naƙuda, wadda in ba a ƙarƙashin kulawar asibiti ba tana iya fasa mahaifa. A wasu wurare har yankan gishiri akan yi, wanda ke jawo zubar jini da yoyon fitsari.

Kuskure na biyu ya fi muni, wato a ɗauki gaskiya a matsayin ƙarya. A nan al'adarmu ta kunya tana da hannu. Ana yabon macen da ta haihu ba a ji ko tarinta ba, don haka mai cikin fari takan danne ciwo tun dare har gari ya waye, tana jin nauyin suruka. In jaririn ya fi ƙarfin ƙugunta, kansa zai daɗe yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu. Wannan shi ne babban sanadin yoyon fitsari, wanda ake gyarawa a sashen Laure na Asibitin Murtala da kuma Babbar Ruga a Katsina. Naƙudar da ta yi awa 12 da ƙarfinta ba a sauka ba, ta wuce aikin gida.

Ba yau aka gano haka ba. Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya daga 1976 zuwa 1979, ya tarar matan da aka kawo a kurarren lokaci ba tare da sun yi awo ba, su suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. A 1994 Thaddeus da Maine suka kasa jinkirin da ke kashe masu haihuwa gida uku: jinkirin yanke shawara, da jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun nauyin hukuma ne, kuma haƙƙinmu ne mu tambaye ta. Amma na farkon a cikin ɗakunanmu yake. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mata kusan 82,000 suka rasu a Nijeriya a 2020 ta dalilin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya.

Abin yi

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Muna ganin yadda ake tanadin rago da goro da turamen atamfa tun ciki na wata bakwai, amma ba a tanadi motar dare ba. A tuna a 2013 an hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano, a 2022 kuma aka kafa dokar hana adaidaita sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe; naƙuda kuwa ba ta san wannan ba. Don haka muna ba da shawara huɗu. Maigida ya ba da izini tun da wuri, a gaban mahaifiyarsa ko surukarsa, cewa in abu ya taso a tafi, shi ya same su a can. Ya ajiye kuɗi a gida, ba a aljihunsa ba. Ya yi magana da maƙwabci mai mota, ya kuma san 'yan'uwa biyu da za su iya ba da jini. Sa'an nan ya tsaya a kan awo, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tun 2016 a yi aƙalla sau 8, domin a can ne ake gano hawan jini da kwanciyar jariri.

Mu kuwa da Allah ya ba damar karatu, kada mu bar wannan ilmi a cikin wannan ɗaki. Mu kai shi ga yayyenmu da ke kasuwa, da abokan aikinmu a ofis. In waya ta shigo, tambayoyi uku sun isa: Tun yaushe ya fara, kuma duk minti nawa yake zuwa? Akwai ruwa ko jini? Yaron yana motsi? In amsar ta kawo shakka, a tafi. Wadda aka duba aka ce ta koma gida da sauran lokaci ba ta yi abin kunya ba, kuma kada wanda ya yi mata gori, domin gorin yau shi zai sa gobe ta yi shiru.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka samu.