NEMAN ILIMIN LIKITANCI BAYAN SHEKARU SUN JA: WACE ƘOFA ZA A BI?

Jawabin da aka gabatar ga 'yan uwa na yankin Gwarzo da Kabo, a zaman da aka keɓe domin masu niyyar komawa karatu.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan uwa maza da mata, abin da ya tara mu a yau wata tambaya ce da ta yi ta zuwa mana daga Getso da Kutama da Lakwaya, da kuma Garo da Durun da Gude. Masu tambayar ba yara ba ne 'yan shekara 17 waɗanda suka fito daga sakandare jiya. A cikinsu akwai malamin asibiti da ya shekara goma yana duba marasa lafiya a ƙaramin asibitin ƙauye, akwai ungozoma, akwai malamin firamare mai takardar NCE, akwai wanda ya yi karatunsa duka a ɓangaren Arabiyya, akwai kuma matar aure da ta ajiye karatu bayan aji shida, yanzu 'ya'yanta sun tasa. Dukkansu abu guda suke tambaya: shin mai shekara 28 ko 30 zai iya zama likita, kuma ta ina zai fara?

Amsar kashin farko ita ce, ƙwarai zai iya. Hukumar JAMB ta ƙayyade mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, wato 16, amma ba ta sanya iyaka daga sama ba. Kashi na biyu shi ne mai wuya, kuma a kansa ne za mu tsaya. Domin mun lura cewa akasarin waɗanda suka faɗi a wannan hanya ba rashin ƙwaƙwalwa ne ya kayar da su ba. Ƙofar da ba tasu ba suka je suka tsaya, har shekaru biyu ko uku suka salwanta, kuɗi ya ƙare, zuciya ta karaya.

Dalilin da ya sa lamarin ya shafe mu

Malamai sun daɗe da lissafa ilimin likitanci a cikin farillan kifaya, wato abin da idan wasu suka ɗauke ya faɗi a kan saura, idan kuwa kowa ya bari to laifin ya hau kan jama'a duka. Tsakanin Gwarzo da birnin Kano kimanin kilomita 70 ne. Duk wanda ya taɓa raka mai naƙudar da ta gagara a kan wannan hanya da tsakar dare, ana nufin Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Muna kuma kukan cewa matanmu ba sa samun likita mace, alhali kuwa likita mace ba daga sama take faɗowa ba, daga gidajenmu za ta fito. Sannan a 'yan shekarun nan likitocin ƙasar nan da yawa suna ficewa zuwa Ingila da Saudiyya da sauransu. A ganinmu, wanda ya shiga karatun yana da iyali da gona da dangi a Kabo ya fi kusa da dawowa Kabo. Saboda haka wannan ɗalibi mai shekaru ba abin tausayi ba ne, jari ne na al'umma.

Tushen da ba a tsallake shi

Kafin maganar kowace ƙofa, wajibi ne mutum ya ɗauko takardarsa ta sakandare ya duba ta da idon basira. Ana neman kiredit biyar: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, daga WAEC ko NECO. Makarantun likitanci da yawa kuma suna sharɗanta a samo su duka a zama guda, ba a harhaɗa sakamakon shekaru biyu ba. Wannan shi ne tushe, kuma ƙwarewar aiki ba ta maye gurbinsa. Ɗan uwanmu malamin asibiti yana iya fin ɗalibin aji huɗu na likitanci iya gane zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda, amma idan babu kiredit na fiziks a takardarsa, ba za a ko kai ga duba shekarun aikinsa ba.

Wanda yake da giɓi, hanyarsa ita ce jarrabawar masu zaman kansu, wadda WAEC take shiryawa sau biyu a shekara, NECO kuma sau ɗaya wajen ƙarshen shekara. Sai dai akwai jan kunne biyu. Na farko, a irin wannan jarrabawa, gwajin kimiyya a takarda ake amsa shi, mutum yana iya ci bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba. Don haka a nemi malamin kimiyya a wata sakandare ta kusa, a roƙe shi ya shigar da mutum ɗakin gwaje-gwaje, domin jami'a ba za ta koma baya ta koyar da wannan ba. Na biyu, muna gargaɗin 'yan uwa da babbar murya game da cibiyoyin da ake biyan kuɗi a rubuta wa mutum amsa. Ban da haramcin ha'inci, wanda ya sayi kiredit na kemistiri zai haɗu da kemistiri a aji ɗaya na jami'a, kuma a can ba a saye. Idan kuwa ya sulale ya wuce, to ran ɗan wani ne zai biya.

Wanda ya fito daga ɓangaren Arabiyya ko na fasaha, bai taɓa zama ajin kimiyya ba, ya ƙaddara wa kansa shekara biyu a kan wannan tushe, kada ya ji kunya. Haddar da ya saba da ita za ta yi masa rana nan gaba, domin ilimin sassan jiki hadda ce mai yawa. Amma fiziks da lissafi fahimta suke so da yawan aiki da alƙalami, ba sa karɓar tilawa.

Ƙofa ta farko: jarrabawar JAMB

Wannan ita ce babbar ƙofa, kuma ita ce mai gurabe mafi yawa. Ana zana Turanci da bayoloji da kemistiri da fiziks, tambayoyi 180 cikin awa biyu, a kan kwamfuta, maki 400 gaba ɗaya. Wanda ya dace zai fara daga aji ɗaya, ya yi shekara shida. Domin a san nauyin abin, a shekarar 2024 kimanin kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka zauna ba su kai maki 200 ba, shi kuwa mai neman likitanci sai ya yi wa 200 nisa sosai, saboda Majalisar Kula da Likitoci ta Nijeriya ta ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Sakamakon kuma na shekara ɗaya ne, ba a ajiye shi.

Abin da yake kayar da manya a nan shi ne sauri. Mutumin da ya shekara goma bai zauna jarrabawa ba, ga shi bai saba da kwamfuta ba, lokaci yakan ƙare masa yana kan rabi. Maganinsa shi ne yawan gwaji da agogo a gaba. Tun daga 2021 kuma ba a rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, don haka a tabbata suna da ranar haihuwa sun yi daidai a dukkan takardu tun kafin lokaci.

Duk da tsawonta, wannan ƙofa muke zaɓa wa wanda ya daɗe da barin aji, domin shekarar farko ta jami'a maimaita kimiyya ce, za ta wanke masa tsatsa kafin a shiga karatu mai nauyi.

Ƙofa ta biyu: karatun share fage

Ita ce IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take kula da ita, da takwararta JUPEB. Ana yin kimanin shekara guda ana karanta fiziks da kemistiri da bayoloji a mataki mai zurfi, sannan a nemi shiga aji biyu kai tsaye ta hannun JAMB. Mutanen yankinmu suna da sauƙi a nan, domin ga makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello a Funtuwa, ta hanyar Dayi da Malumfashi, ga kuma kwalejin da aka fi sani da CAS a Kano. Amfanin wannan hanya shi ne aji da malami da ɗakin gwaji. Haɗarinta kuwa shi ne guraben shiga kai tsaye kaɗan ne ƙwarai, sai mai sakamako na ƙoli. Shawararmu ita ce, wanda ya shiga share fage ya zana JAMB a wannan shekarar, ya riƙe igiya biyu. A kuma yi hattara da cibiyoyin da ba su da rajista, a tantance kafin a biya ko sisi.

Ƙofa ta uku: mai digiri ko difloma

Wanda yake da digiri mai daraja a fannin kimiyya da ya danganci likitanci yana iya neman shiga aji biyu kai tsaye, bisa sharuɗɗan kowace jami'a. Amma diflomar aikin lafiya ta karkara da takardar NCE galibi ba sa buɗe wannan ƙofa a likitanci, ko da sun buɗe ta a wasu fannoni. A nan ne 'yan uwa da yawa suke yaudarar kansu. Kada a dogara da "an ce". A ɗauko littafin ƙa'idojin JAMB na wannan shekarar, a duba abin da Jami'ar Bayero ta rubuta, da Ahmadu Bello, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, domin sharuɗɗansu ba ɗaya ba ne, kuma suna sauyawa. Sabon mazaunin Jami'ar Bayero a kan hanyar Gwarzo yake, mutum ya tsaya ya tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai da bakinsa.

Akwai kuma wata dabara da ake yawan ba matasa, cewa a karɓi kowane fanni aka samu, daga baya a nemi canji zuwa likitanci. Wannan canji da wuya yake samuwa. Yaro ɗan shekara 18 yana iya yin wannan kasada, magidanci mai 'ya'ya huɗu ba shi da shekarun da zai zubar.

Maganar fita waje

Wasu suna hangen Sudan ko Masar, kamar yadda gwamnatin Kano ta tura ɗalibai, ciki har da mata, tsakanin 2011 da 2015. To a tuna abu biyu. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya katse karatun ɗalibanmu da yawa, sai da aka kwaso su. Sannan duk wanda ya gama a waje sai ya ci jarrabawar tantancewa ta Majalisar Likitoci kafin a ba shi lasisin aiki a nan. Faɗuwar darajar naira kuma ta mayar da wannan hanya sai mai ƙarfi.

A yi lissafi kafin a ɗaura niyya

Mu ɗauki mai shekara 28 wanda ba shi da kimiyya. Shekara biyu na tushe, shida na jami'a, ɗaya na sanin makamar aiki a asibiti: zai tsaya da ƙafarsa yana da shekara 37, idan komai ya tafi daidai. Ba kullum yake tafiya daidai ba, yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Wanda ya haura shekara 30 lokacin gamawa ana ɗauke masa bautar ƙasa. Bayan haka yana da shekaru ashirin ko fiye na yi wa jama'a aiki, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai a sani, likitanci ba a yin sa da yamma ko a ƙarshen mako. Jarrabawar da ake yi bayan ilimin sassan jiki da yadda suke aiki da kemistirin jiki ita ce mashigar da take tace ɗalibai, daga nan kuma sai kwana a asibiti. Saboda haka ma'aikaci ya nemi izinin ƙaro karatu a rubuce tun da wuri. Magidanci ya zauna da iyalinsa ya faɗa musu gaskiyar shekarun da ke gaba. Wadda take da miji, a yi maganar a gaban waliyyanta, a san wanda zai riƙe yara, domin alƙawarin da aka yi da baki a ɗaki yakan narke a shekara ta uku. Game da kuɗin makaranta, asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ya fara aiki a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati, kuma ba a ɗora masa ruwa ba.

Wanda kuma ya yi lissafin ya ga ba zai ɗauku ba, bai faɗi ba. Aikin jinya da unguwar zoma da harhaɗa magunguna da gwajin jini duk suna cikin wannan farilla, kuma babu likitan da yake aiki ba tare da su ba.

Abin da ya rage a kanmu

Kada mu bar waɗannan 'yan uwa su ɗauki nauyin jama'a su kaɗai. Malaman kimiyya da suke cikinmu su ware yamma biyu a mako domin ajin fiziks da kemistiri, ɗaya a Gwarzo ɗaya a Kabo. Masu kwamfuta su ba da aronta domin gwaji. Masu hali su ɗauki nauyin mutum guda har ya gama, maimakon a watsa kaɗan-kaɗan ga mutum ashirin babu wanda ya kai. Duk mai niyya kuma ya zo mana da takardunsa a zama na gaba, mu duba tare, kowa ya san ƙofarsa kafin a buɗe rajistar bana.

Allah Ya sa mu dace, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sanya albarka a cikin wannan niyya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.