Ƙatuwar taya a Hilux da Prado: za ta goga ko ba za ta goga ba?

Yau maganar taya za mu yi, domin tambaya ɗaya ce ake ta turo min ta fuska daban-daban. Wani ya ce mahaifinsa ya bar masa Hilux yana zirga-zirgar gona da ita, wani ya ce Prado ce ta gidansu, amma abin da suke son ji ɗaya ne: idan na cire tayar da motar ta zo da ita na sa ƙatuwa mai manyan haƙora, irin wadda muke gani a TikTok, ba tare da na ɗaga motar ko na yanke komai ba, za ta goga?

Amsata a taƙaice ita ce: ƙarin mataki ɗaya yawanci yana shiga, mataki biyu kuwa zai goga. Amma kada kowa ya ɗauki wannan ya tafi kasuwa tukuna, domin motarka ce za ta ba ka amsar ƙarshe, kuma zan gaya maka yadda za ka tambaye ta kafin ka biya kuɗi.

Mu fara da lambar da ke jikin taya, don da yawanmu muna ganinta ba mu san me take faɗa ba. Prado da yawa, da Fortuner, da manyan samfurin Hilux, suna zuwa ne da 265/65R17. Wannan 265 ɗin faɗin tayar ne a milimita. Shi kuma 65 kaurin gefenta ne, daga bakin wili zuwa inda take taka ƙasa, amma ba a milimita aka rubuta shi ba, kashi 65 cikin 100 ne na faɗin. Sai 17, wato girman wilin a inci. Idan ka haɗa lissafin, tsayin wannan tayar gaba ɗaya milimita 776 ne.

To, mataki ɗaya sama shi ne 265/70R17. Faɗi bai canza ba, tsayi ya koma milimita 803. Ƙarin milimita 27 ke nan, amma rabinsa ne kawai ke shiga sama cikin ramin taya, rabi kuma ya ɗaga motar daga ƙasa. Wato milimita 13 da ɗoriya, bai ma kai faɗin babban yatsanka ba. Mataki na biyu, wanda samari suka fi so don ya fi cika ido, shi ne 285/70R17. Tsayinta milimita 831, ta fi ta asali da kusan 55, kuma ta fi ta faɗi da milimita 20, wato 10 ta ciki, 10 ta waje. Ka riƙe waɗannan lambobin, za mu dawo kansu.

Yanzu ina ne taya take gogawa? A nan mutane ke yaudarar kansu. An ɗaura taya a wurin mai faci, mota na tsaye a kan siminti, sitiyari a miƙe, babu kowa a ciki. Ka leƙa ka ga fili, ka sa hannu ya shige, ka ce shi ke nan. Ai a tsaye babu tayar da ke gogawa. Tayar gaba ba wuri ɗaya take zama ba: tana juyawa hagu da dama, tana hawa sama tana sauka. Matsalar tana fitowa ne lokacin da abubuwan biyu suka haɗu, ka ƙure sitiyari kuma tayar ta hau wani abu, misali kana saukowa daga kwalta zuwa burji a karkace, ko kana ribas don fita daga cunkoson kasuwa.

Wurare huɗu ne aka fi samun gugar. Na farko, robar tare laka da ke bayan tayar gaba. Na biyu, baƙar robar da ta lulluɓe cikin ramin taya, musamman ta gaba kusa da bamba. Waɗannan biyun da sauƙi, roba ce, ana iya cirewa ko a ɗan gasa ta a tura ta baya. Na uku shi ne ƙarfen da ke riƙe bodi a kan shasi, yana nan daidai bayan tayar gaba. Na huɗu, hannun ƙarfe na sama da ke riƙe ƙafar motar, wanda taya mai faɗi ke taɓawa ta ciki. Waɗannan biyun na ƙarshe ƙarfe ne, kuma idan taya da ƙarfe suka yi ta gugar juna, ba sai na gaya maka wanda zai ji jiki ba.

Da 265/70R17 a kan wilin asali, mafi yawan lokaci ko dai babu guga sam, ko kuma ɗan taɓa robar nan idan an ƙure sitiyari. Da 285/70R17 kuwa, ka sa a ranka za a cire roba, kuma da wuya a tsira ba a kai motar wurin mai walda ya rage wancan ƙarfen shasin ba. Daga nan kuma ta tashi daga motar da ba a taɓa ba.

Me ya sa na ce "mafi yawan lokaci"? Saboda abu uku.

Na ɗaya, shekarun motar. Bidiyon da kake gani daga Ostireliya ko Dubai, mota ce da sifirin ɗinta ke nan da ƙarfinsa. Tamu kuwa ta sha lodi, ta sha ramuka, sifirin ya kwanta, shokazoba ta gaji, robobin ƙafa sun cinye. Irin wannan motar ta riga ta zauna ƙasa fiye da yadda kamfani ya ƙera ta, filin da kake lissafi da shi ya ragu tun kafin ka sayi taya.

Na biyu, wili. Akwai wata lamba a bayan wili da ake rubutawa da ET, tana nuna yadda wilin ya shige ciki ko ya fito waje. Na asali a waɗannan motocin yana tsakanin 25 da 30. Idan ka sayi wilin ado mai ET 0, ka turo tayar waje da kusan inci ɗaya. Gani za ka yi kamar ka ba ta fili, alhali idan ka juya sitiyari, da'irar da gefen tayar ke zagayawa ta ƙara faɗi, sai ta je ta sami wancan ƙarfen na baya. Faifan ƙarfen da wasu ke sakawa tsakanin wili da mazauninsa don taya ta fito, shi ma haka yake yi, ga ƙarin nauyi a kan boris.

Na uku, lamba ɗaya ba ta nufin girma ɗaya. Taya mai alamar H/T ta kwalta ce, kafaɗarta a zagaye take. A/T ta kwalta da daji ce, M/T kuma ta taɓo ce zalla. Waɗannan biyun kafaɗarsu a murabba'i take, da haƙora a gefe, kuma wannan kafaɗar ce ke fara taɓa bodi. Ko tsakanin BFGoodrich da Maxxis masu lamba ɗaya, za ka iya samun bambancin 'yan milimita, kuma a wannan harkar 'yan milimitan su ne komai.

Wani zai ce, to ai sai na ɗaga motar. Ɗagawa tana sa motar ta tsaya sama, amma ba ta canza iyakar inda ƙafar za ta kai ba idan ta daki rami da lodi. Gugar za ta ragu a cikin gari, ta dawo ranar da ka fi buƙatar motar.

Yauwa, ga gwajin da nake so kowa ya yi. Ka roƙi mai taya ya ɗaura maka guda ɗaya a gaba kafin a kammala ciniki, ko ka ari ta abokinka mai irin girman. Ka shafa alli a kafaɗar tayar, ciki da waje. Ka sa mutane huɗu a motar, in Hilux ce ka ɗora buhuna kamar yadda ka saba yi ranar Juma'a idan kasuwar Wudil ta ci. Ka ƙure sitiyari dama ka yi gaba a hankali, ka yi ribas, ka ƙure hagu ka maimaita. Sannan ka nemi ɗan tudu ko bakin kwalbati ka hau da wannan tayar ita kaɗai, sitiyari a ƙure. Ka sauko ka leƙa da fitilar waya. Duk inda allin ya bar shaida, nan ne take gogawa. In a roba ne, magana mai sauƙi. In a ƙarfe ne, ko kusa da tiyon birki, ka mayar masa da tayarsa. Inda bai taɓa ba ma, ka tabbata yatsanka yana shiga tsakani, domin taɓon damina idan ya manne wa haƙoran taya yana ƙara mata kauri. Kada kuma ka manta da safaya: ta Hilux a ƙarƙashin bodi take, ka gwada ko sabon girman zai shiga wurin.

Me ya sa na dage haka? Domin gefen taya shi ne wurin da ya fi rauni, kuma ba ya karɓar faci na aminci. Ƙarfe yana cin sa a hankali ba ka sani ba, sai ranar da ka ƙure gudu a titin Kano zuwa Wudil, rana ta take, kwalta ta yi zafi, ga tirela a gabanka ga tifar yashi a bayanka. Tayar gaba ta fashe a jif mai tsayi, Allah Ya kiyaye, ba abin wasa ba ne.

Ko da ba ta goga ba, akwai kuɗin da za ka ci gaba da biya. Maleji zai fara yi maka ƙarya: da 265/70, gudunka ya fi abin da allura ke nunawa a da da kashi 3 da ɗoriya cikin 100, da 285/70 kuwa kashi 7 ne, wato inda ka saba ganin 100, yanzu kana kan 107. Tayar ta fi nauyi, musamman mai alamar LT, don haka tashi zai yi nauyi, birki zai ƙara nisa kafin ta tsaya, mai kuma zai ƙara tafiya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne. Mai Prado kuma ya sani tayoyinsa huɗu duk suna ja a kowane lokaci, saboda haka ba a sa manya biyu a bar ƙanana biyu, giyar tsakiya ce za ta biya bashin. Biyar za ka saya har da safaya, ko ka haƙura.

Sannan ka tuna Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙera taya a Legas a 2008. Waɗannan tayoyin daga waje suke zuwa, farashinsu na bin dala. Girman da kowa ke amfani da shi ya fi sauƙin samu. Idan 285 ta fashe maka a wani ƙauye bayan Garko ko Sumaila, sai dai a aika cikin Kano. In kuma 'yar Beljiyam za ka saya don sauƙi, ka duba lambobi huɗun ƙarshe bayan rubutun DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa shekara huɗu take ba taya daga ranar ƙira. Araha dai ba ta ado.

To, mu koma kan lambobin da na ce ka riƙe. Duk wannan ɗawainiyar, me ka samu? Milimita 13 ko 27 na ƙarin tsayi a ƙarƙashin mota. Ban ce ba shi da amfani ba, domin taya ce kaɗai ke ɗaga wancan tulun ƙarfen da ke tsakanin tayoyin baya, wanda ke kama tudun tsakiyar hanya idan tifofi sun haƙa ta. Amma abin da ke fitar da kai daga taɓon fadama a watan Agusta zanen tayar ne, abin da ke fitar da kai daga rairayin bakin kogin Wudil kuma rage iska ne don tayar ta baje, ka mayar da iskar da zarar ka hau kwalta. Duka biyun za ka same su da A/T mai girman asali, babu yanka, babu walda, maleji na faɗin gaskiya.

Shawarata ke nan. In aikinka gona ne da kasuwa da kai yara makaranta, ka sayi A/T mai kyau a 265/65R17. In hanyar ƙauyenku tana kama cikin motar da gaske, ka hau 265/70R17 a kan wilin asali, bayan ka gyara sifirin da shokazoba kuma ka yi gwajin alli. Ita kuwa 285, ka bar wa wanda ya shirya yanka motarsa kuma aljihunsa zai ɗauka. In motarka ta zo da wani girman daban, ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ka yi wannan lissafin daga nan.

Wanda ya riga ya sa babbar taya, ya rubuto mana samfurin motarsa da shekararta da inda ta taɓa, don na baya su amfana. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya kai mu gida lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.