Kula da Inji Tun Yana da Lafiya: Darasi Daga Masana'antar Gas



An nemi in yi magana a kan yadda ake kula da masana'antun daskarar da iskar gas, irin wadda ƙasarmu ke da ita a tsibirin Bonny na Jihar Ribas, wadda ta fara fitar da kaya zuwa waje a 1999. A irin wannan wuri ana sanyaya gas har digiri 162 ƙasa da sifiri, ya koma ruwa, girmansa ya ragu kusan sau 600, domin jirgin ruwa ya iya ɗauka. To, da zarar ya ji ɗumi sai ya nemi komawa girmansa na da. A nan haɗarin yake.

A watan Yuni na 2022, a masana'antar Freeport da ke Jihar Texas ta Amurka, an bar wani bawul na rage matsi a toshe. Ruwan gas ɗin da ke cikin bututun ya ɗumama, ya kumbura, bututun ya fashe, aiki ya tsaya kusan wata takwas. Kafin wannan, a Janairun 2004, gas ya tsiyaye a Skikda ta Aljeriya, tukunyar tururi ta zuƙe shi, wuta ta tashi, mutum 27 suka rasa rayukansu.

Saboda haka injiniyoyi ba sa jiran inji ya lalace. Wasu sassa ana canza su bisa jadawali, ko da suna aiki. Manyan injunan matsa gas kuwa ana maƙala musu na'urorin auna jijjiga da zafi, domin ciwonsu ya bayyana tun yana ƙarami. Ana auna kaurin bututu da na'urar sauti, a yaye rufinsa a duba tsatsar da ke ɓuya ƙarƙashi. Bayan kowane gwaji kuma, sai mutum na biyu ya tabbatar an mayar da bawul yadda yake, ya sa hannu a takarda.

Ya 'yan'uwa, yawancinmu muna riƙe da ofisoshi a yau. Idan kasafi ya matse, kuɗin kula da kayan aiki ake fara yankewa, don ba a yanka masa kirtani a gaban 'yan jarida. Ina roƙonku, duk wanda takardar nan ta zo teburinsa, ya kare ta.