Wa'azi na Goma Sha Huɗu: Sharuɗɗan Sayar da Ƙasa ga Masu Yanka Filaye

Godiya ta tabbata ga Allah, Mamallakin ƙasa da abin da ke cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu saurare, tun da aka samu zinariya a Jado da Cibarakaten a shekarar 2014, jama'a ta ƙaru a Agadas, gari ya faɗaɗa, ƙasa ta yi daraja. Masu yanka filaye suna bin masu garake da gonakin gado har gida. Ciniki halal ne, amma Allah ya sharɗanta a Suratun Nisa'i ya kasance da yardar juna, kuma ba a yarda da abin da ba a sani ba. Don haka, kafin ka ce ka sallama, ka warware abu huɗu.

Na farko, ƙasar ta wane ne? Gadon da ba a raba ba, babban wa ba ya da ikon sayar da shi shi kaɗai. Mata suna da rabo, wanda ya yi tafiya Libiya yana da rabo. Rabon maraya ba a taɓa shi sai don maslahar marayan. Idan magaji ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, sauran suna da haƙƙin shufu'a, wato su biya kuɗin da aka saya su karɓe shi.

Na biyu, iyaka. A taka ƙasar da ƙafa a gaban maƙwabta, a kafa alama. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci, za a rataya masa shi a wuya har ƙassai bakwai ranar Alƙiyama.

Na uku, kuɗi da ajali, kuma nan ne aka fi cutuwa. Idan mai saye ya ce zai biya in ya sayar da filayen, wannan ajali ne da ba a sani ba, cinikin ɓatacce ne a mazhabar Imamu Malik. A faɗi adadin kuɗi, a faɗi wata da rana. Idan ya ce zai ba ka filaye a madadin kuɗi, to guda nawa, faɗinsu nawa, a wane ɓangare? Rashin bayyana wannan shi ne gararin da aka hana. Kai ma mai sayarwa, kada ka sharɗanta cewa za ka cinye kafin alƙalami idan ya fasa. Imamu Malik bai halatta ba. In kana son shawara, ka nemi zaɓi: Muhtasar Halil ya ba da kamar wata guda a cinikin gida.

Na huɗu, rubutu da shaidu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Kada ka dangwala yatsa a takardar Faransanci sai amintacce ya karanta maka ita. A kai maganar gaban mai unguwa da hukumar filaye ta Kofo, a tabbatar mai yankan yana da izinin hukuma.

Ku kuma masu yanka filaye, ku ji tsoron Allah. A cikin azumin shekarar 2009 ruwa ya ci gidaje masu yawa a garin nan. Wanda ya yanka fili a hanyar ƙorama ya ɓoye wa talaka, ya yi algus, kuma mai saye yana da ikon mayarwa.

Mai azumi ya bar ruwa da abinci, alhali halal ne. Yaya zai buɗe baki da kuɗin gonar ƙanwarsa? Wanda ya san akwai haƙƙin wani a hannunsa, ya mayar kafin Salla.

Allah ya wadata mu da halal, ya karɓi azuminmu, ya zaunar da Abzin da Nijar lafiya. Amin.