Aikin Damina da Aikin Rani

Yau za mu yi magana a kan abin da ya shafi tukunyar kowane gida, watau sana'a. Ba za mu je nesa neman misali ba. Ƙasarmu ta Boɗinga da Shagari ta ishe mu.

In aka tambayi mutumin nan ƙasar, "Mene ne aikinka?" sai ya ce, "Noma." Gaskiya ya faɗa, amma bai faɗe ta duka ba. Ruwan sama a nan yakan kankama a watan Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba. Wata huɗu ke nan. In an girbe gero da dawa, an roro wake, an cire gyaɗa, sauran watannin fa? Ciki ba ya sanin rani ya yi. Don haka da wuya a sami magidanci a cikinmu mai sana'a ɗaya tak. Akwai ta damina, akwai ta rani.

Wannan ba baƙon abu ba ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa, nan kusa da mu, kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya zauna a Boɗinga. Ana ba da labari cewa Shehu, duk da yawan almajiransa, yakan tufka igiya a sayar, ya ci daga gumin hannunsa. Haka kuma Magajin Shagari Aliyu, kafin a naɗa shi, manomi ne, ɗan kasuwa, mai kiwo. Ɗansa Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a 1925, da aikin malanta ya fara, ya koyar a Sakkwato da Argungu. Ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, kuma har ya rasu a 2018 mutane sun san shi da gona. To, in waɗannan ba su raina aikin hannu ba, mu wane ne?

Bari mu fara da lambu, don shi ne ya fi kusa da hannun manomi. Wanda ke da fili a fadama, ko kusa da madatsar ruwa ta Shagari, yana iya shuka albasa, da tumatir, da tattasai, da tafarnuwa. Kakanninmu da jigo suke ban ruwa, guga ɗaya bayan ɗaya tun asuba. Yanzu injin ne ke ja. Amma injin yana shan mai, mai kuwa ya yi tsada ƙwarai tun da aka cire tallafinsa a watan Mayu na 2023. Shi ya sa waɗansu suka koma ga injin mai aiki da hasken rana. Sayensa da nauyi, amma rana ba ta karɓar kuɗi. Mutum uku ko huɗu masu filaye maƙwabta suna iya haɗa hannu su sayi guda, muddin sun yanke ranakun ban ruwa tun da farko, kowa ya san tasa.

Wahalar albasa ba a shukarta take ba, a sayarwa take. Kowa yakan cire tasa lokaci guda, wajen Maris da Afrilu, sai kasuwa ta cika, buhu ya faɗi. Wanda ya iya ajiye ta a rudu, inda iska ke ratsawa, ruwa bai taɓa ta ba, ya sayar can cikin damina ko bayanta, shi ke samun riba. To, me ke hana mu ajiya? Bashi. Mutum ya karɓi kuɗin taki da na mai a hannun dillali, da alkawarin zai biya da albasa ranar cira. Ranar nan kuwa ita ce ranar da albasa ta fi araha a shekara. Ya yi ban ruwa wata uku, ya kwana a lambu cikin sanyin hunturu, ribar ta tafi gidan wani. Muna ganin wannan kowace shekara, kuma ba mu ga laifin dillali shi kaɗai ba. Wanda zai ci bashi, ya sa a rubuta nawa ne, da kuɗi za a biya ko da buhu, buhu kuma wane iri. A yi a gaban shaidu biyu.

Sai cin rani. Tun zamanin Turawa mutanen wannan lardi sun yi suna da shi. A ranin 1952 zuwa 1953 an sa masu ƙidaya a kan hanyoyi da mashigan kogi, suka ƙirga sama da mutum 250,000 da suka fita ta lardin Sakkwato suka nufi kudu. Waɗansu gonakin koko na ƙasar Yarbawa suka tafi, waɗansu har Gwalkwas, wadda ake kira Gana yanzu. Yau samarinmu Legas suke zuwa, da Ibadan, da Abuja, da Fatakwal. Suna ga-ruwa, da dako, da gadi, da wankin takalma, da yankan farce, da kabu-kabu inda ba a hana ba.

Cin rani yana da amfani biyu. Yaro ya kawo kuɗi, kuma bakinsa ya fita daga rumbu wata biyar ko shida, hatsin ya kai iyali damina. Amma fa a lura. Wanda ya dawo bayan an yi shuka, gonarsa ta yi latti, sai ya sayi hatsi da kuɗin da ya samo. Wanda kuma ya ba wani ajiyar kuɗinsa a can ba shaida, sau da yawa da hawaye yake dawowa. Yanzu ana aiko da kuɗi ta waya, a karɓa wurin mai POS. Kada mai karɓa ya tashi sai ya ga adadin da idonsa, kada kuma ya faɗa wa kowa lambarsa ta sirri, ko da an kira shi an ce daga banki ne.

Kada mu manta da mata. Suna cikin gida, amma kasuwa na hannunsu. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, daddawa, fura, ƙosai, saƙar faifai, ɗinkin hula, duk nasu ne. Ga kiwo. Jar akuyar Sakkwato fatarta ta shahara tun da daɗewa, ayari ya riƙa ketare Sahara da ita, har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Mace mai akuya uku tana da abin da za ta sayar ranar da yaro ya kwanta ciwo. Abin da ke damunmu ɗaya ne, talla. In yarinya ta wuni da faranti a ka a bakin titin Jega, ba ta aji. A tura tallan bayan an tashi makaranta.

Akwai kuma tsofaffin sana'o'i, ƙira da jima da dukanci da gini da fawa da wanzanci. A da gado ne, ɗan maƙeri ke ƙira. Yanzu an sami sababbi waɗanda ba su da gado: walda, gyaran babur, gyaran injin ban ruwa, gyaran waya, cajin waya, haɗa wutar sola. Kowa na iya kai ɗansa. In za a kai shi, uba ya je da kansa, ya zauna da maigidan, su yanke shekara nawa zai yi, wa zai ciyar da shi, kuma za a sake shi ya zo noma da damina ko kuwa. A tambayi yaran da suka riga shi a wurin, nawa ne suka buɗe nasu shagon.

Aikin albashi kuwa, irin na malamin makaranta, da ma'aikacin asibiti, da na ƙaramar hukuma, da na kamfanin siminti a Kalambaina, yana son takardar shaida, gurbinsa kuma kaɗan ne. Masu shi ma, in kun duba, yawancinsu suna da gona, ko tumaki biyu da ake turka wa Babbar Salla.